Baƙin da Na Shafa Bai Kama Ba

Na karanta duk abin da kuka rubuto min a kan kashin da ya wuce. Masu cewa in daina ɓoye bawan Allahn nan, na ji. Wadda ta ce ni muguwa ce, ke ma na ji, kuma yau zan ba ki hujjar da ba ki da ita a lokacin. Ku dai yi haƙuri da ni, da yammacin Lahadin nan nake rubutawa.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ku kira ni Odessa Pruitt. Duk sunayen da ke cikin labarin nan na canja su, ɓoye abu ai sana'ata ce. Shekarata ashirin da tara, ina zaune a unguwar Petworth, layi huɗu kacal daga gidan iyayena, wanda shi ma kuskure ne mai zaman kansa. Ni ba lauya ba ce, mataimakiyar lauyoyi ce. Ofishinmu ne ke kare kamfanin Norvane a ƙarar da gwamnati ta shigar, cewa ya toshe wa kowa hanya ya cinye kasuwa shi kaɗai. Aikina kuwa shafa baƙi. Duk takardar da aka gabatar a kotu, kafin a saka ta inda jama'a za su gani sai ta biyo ta teburina, in rufe duk layin da lauyoyi suka ce sirrin kasuwanci ne. Wata takardar in na gama da ita, daga kwanan wata sai "na gode" ke saura.

Shi kuma Lemuel Haskins ɗan jarida ne. Mako shida ke nan da fara shari'ar, kullum yana benci na uku ta hagu da littafi da biro, tunda ba a barin kowa ya buɗe waya a zauren. Wata tara muna tare. Lokacin da muka haɗu a shagon wankin kaya na unguwarmu, labarin motocin haya yake bi, ba ruwansa da Norvane. Da jaridarsu ta mayar da shi kan shari'ar nan, abin da ya kamata in yi shi ne in shiga ofishin shugabata, Miss Calloway, in gaya mata. Da a ranar za ta cire ni daga aikin. Ni kuma shekara biyu ina tara takardun nan, har mafarkinsu nake yi. Sai na ja bakina na yi shiru. Muka kafa wa kanmu doka: ba maganar kotu, ba hoto, ba yawo tare a cikin gari. Kafin yau bai san takamaiman abin da nake yi a ofis ba, ya dai san mu kusan arba'in ne a kan aikin. Kuma na sa hannu a takardar alƙali, wadda duk mai taɓa sirrin shari'ar yake sa wa hannu, cewa in na fitar da wani abu kotu za ta iya hukunta ni.

Abin da ya fi cin raina shi ne lokacin rufe ƙofa. Shaida yana tsakiyar magana sai lauyanmu ya miƙe ya gyara kwat, ya ce tambayar da ke biye ta shafi sirri. Alƙali ya ce a fita. 'Yan jarida su tattara littattafansu su jeru kamar ɗaliban da aka koro daga aji, ni kuma ina zaune bayan lauyoyi da akwatin takarduna, ko motsi ba na yi. Lemuel ba ya kallona, ya iya abin har tsoro yake ba ni. Amma ranar Alhamis, da aka kore su karo na uku kafin tsakar rana, sai da ya tsaya a bakin ƙofa ya ce wa mai gadin kotu, yadda kowa zai ji, "Yallaɓai, a taimaka a fito mana da benci waje mana, tunda a nan ake yin tamu shari'ar." Aka kwashe da dariya. Ni na sunkuyar da kai ina jera takardun da tuni a jere suke.

Ranar Juma'a alƙali ya gaji da ƙorafinsu, ya ba da umarni a saka duk takardun makon a shafin kotu na intanet kafin ƙarfe biyar. Guda ɗari biyu da goma sha biyu. To shafa baƙin nan mataki biyu ne. Ka zana baƙin layi a kan rubutun, sannan ka danna wani maɓalli da zai goge rubutun da ke ƙasa gaba ɗaya. In ba ka danna ba, ido zai ga baƙi, amma rubutun yana nan a kwance, duk wanda ya kwafa ya manna a wani wuri zai karanta shi tas. Ranar da na fara aiki aka koya min wannan, ni ma na koya wa mutum huɗu.

Ƙarfe huɗu da minti ashirin Miss Calloway ta leƙo ta ce a ƙara rufe layi biyu a takarda ta tamanin da bakwai. Wasiƙa ce da wani babba a Norvane ya aika wa mataimakansa a kan ƙananan kamfanonin da ke gasa da su. Ga abin da ya rubuta: "Ba sai mun fi su inganci ba. Mu dai tabbatar ba wanda zai taɓa ganinsu." Na karanta sau biyu ina neman inda sirrin kasuwancin yake, ban gani ba, abin kunya kawai na gani. Amma ba don in yi tambaya aka ɗauke ni aiki ba. Na zana baƙin. Waya ta yi ƙara, wani lauya yana neman wata takarda a gigice, na amsa, na dawo, na adana, na tura. Ban danna maɓallin ba. Ban kuma san ban danna ba sai yau.

Jiya Asabar ina wanke gashina saƙon Mama ya shigo.

"Gobe ƙarfe biyu. Ki zo da shi."

Na goge hannu na rubuta, "Mama, aiki ya yi masa yawa."

"Direban motar asibiti ma yana cin abincin Lahadi."

"Mama."

"Wata tara, Odessa. Ba hoto, ba coci, ba gaisuwa. Mutumin da ba ya son a gan shi da ke, ko yana da mata ko yana da laifi. Wanne ne?"

Kun ji fa. Shekara talatin da ɗaya mahaifiyata Loretta ta yi tana karɓar takardu a rajistar wata kotu kafin ta yi ritaya, ba ta tambayar abin da ba ta riga ta yanke hukunci a kansa ba. A wurinta Lemuel ne mai ɓoye ni. Shi kuwa tun watan da muka haɗu yake roƙon in kai shi gida. Na bar shi yana ɗaukar laifina wata da watanni, kuma in na tuna sai in ji na tsani kaina. Na tura masa saƙon Mama yadda yake. Amsarsa ba ta kai minti ɗaya ba.

"Zan zo. Dama ina da magana da mahaifinki."

Gabana ya faɗi, irin faɗuwar nan mai daɗi. Na san maganar, aurena zai nema.

Na sa koriyar rigata mai dogon hannu, wadda Mama ta ce ita kaɗai ce a kayana ba ta kama da ta mai zuwa jana'iza, da 'yan kunnen kakata. Lemuel ya iso saura minti goma, cikin kwat mai ruwan toka wadda kafaɗunta suka ɗan yi masa yawa, da furanni a hannu, ya yi aski har kunnuwansa sun fito. Mama ta buɗe ƙofa da hular cocinta a ka, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Ashe dai kana da ƙafafu."

"Biyu ma kuwa, Miss Loretta. Ba a ba su izini ba ne."

Mama ta juyo ta kalle ni. Na shige kicin da furannin.

An shimfiɗa farin ƙyallen tebur da ba ya fitowa sai bikin Ista. Soyayyiyar kaza, makaroni da cuku da aka gasa har samansa ya yi ja, dafaffen ganye da naman talotalo, burodin masara, shayi mai ƙanƙara a babban jug. Anti Verna, ƙanwar Mama, wadda ba wanda ya gayyata, ta riga kowa zama. Dadi, wato mahaifina Wendell, ya yi addu'a mai tsawo, da gangan, ido ɗaya a buɗe yana duba ko baƙon ya sunkuyar da kai.

"To, saurayi," in ji Dadi yana miƙa masa kaza. "An ce ɗan jarida ne kai. Ƙarya kake rubutawa ko gaskiya?"

"Wadda aka bari na gani, Mista Pruitt."

"Ni shekara ashirin da takwas ina tuƙa bas a garin nan, ban taɓa ganin an rubuta cewa bas ta iso a kan lokaci ba."

"Ta taɓa isowa, yallaɓai?"

Dadi ya yi dariya har da buga tebur. Anti Verna ta ce, "Loretta, wannan a riƙe shi, yana ci kuma yana da baki. Wancan likitan haƙorin da kika kawo mata bara, ganye kawai ya tsakura kamar zomo." Mama kuwa ta ƙara masa makaroni ba tare da ya roƙa ba, kuma duk wanda ya san ta ya san abin da hakan yake nufi. Ni kuwa ina zaune zuciyata fes. Na manta rabon da in ji irin wannan sauƙin.

Da aka fara kwashe kwanuka, Lemuel ya taɓa hannuna ya ce in raka shi bayan gida minti biyu. Muka tsaya kusa da tumatirin Dadi. Sai shafa aljihun kwat ɗinsa yake yi.

"Dessa, zan karya dokarmu sau ɗaya. Ba na so in zauna da mahaifinki alhali akwai abin da za ki tsinta a waya ba daga bakina ba."

"Lem, kada ka fara."

"Saurara kawai. Jiya ina kwafo wani sakin layi daga takardun da aka saka, in sa a labarina. Da na manna, sai ga layi biyu da ba na gani a takardar. Wani a ofishinku ya zana baƙi bai goge rubutun ba." Idonsa har ƙyalli yake. "Mako shida suna korata waje saboda wai sirri. Kin san abin da suke ɓoyewa?"

Na tambaye shi, "Takarda ta nawa?"

"Tamanin da bakwai."

Na zauna a kan matakala, ban ko duba ko da ƙura ba.

"Dessa?"

"Ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni na shafa. Ni kaɗai ke shafawa, Lem. Sunana yana jikin kowace takarda a na'urar ofis."

Na ga murmushin ya bar fuskarsa a hankali. Ya durƙusa a gabana, ba irin durƙuson da na kwana ina tsammani ba.

"Ba ki taɓa gaya min ba."

"Ai doka muka yi."

"Ya Ubangiji."

"Ka janye labarin. Don Allah. Gobe da sassafe in canja takardar, ba wanda zai sani."

Ya girgiza kai. "Yana hannun edita tun jiya. Kuma ba ma buga abu sai mun nemi jin ta bakin wanda ya shafa. Tun tsakar rana na tura wa lauyoyin Norvane tambaya. Ƙarfe shida zai fita."

"Lauyoyin Norvane mu ne!"

"Na sani."

"To kira editan. Ka ce ka yi kuskure."

"Ban yi ba."

"Ka ce ka yi!"

Ya miƙe tsaye. Sannan ya ce, "Ko da zan iya, ba zan yi ba. Gwamnati ce ta kai ƙara da sunan jama'a, a kotun jama'a, kuma jama'ar suna tsaye a baranda. Kin karanta layin nan. Ki dube ni ki ce sirrin kasuwanci ne."

Abin da ya ƙara ƙona min rai ke nan, yana da gaskiya, kuma gaskiyar tasa a kaina za ta sauka.

"Kai sunanka zai fito a saman labari," na ce. "Ni nawa zai fito a gaban alƙali. Kuskure ai ana yi, a yi maka faɗa a wuce. Amma wadda ta yi kuskuren budurwar wanda ya gano shi ce, wata tara a ɓoye? Wa zai yarda? Kai in labarin wani aka ba ka haka, za ka yarda?"

"Zan rantse ba ke kika ba ni ba."

"Saurayina zai rantse. Madalla, na tsira."

"Sai ki riga su faɗa. Duka. Yau."

"Ka iya ba da shawara. An taɓa raka ka bakin ƙofa da kayanka a kwali?"

Mama ta turo tagar kicin. "Ku biyun, addu'a kuke yi wa tumatirin? Na yanka kek, Wendell yana jiran baƙonsa."

Ko rufe baki ba ta yi ba wayata ta fara ruri. Miss Calloway. Shekara huɗu ina aiki a ƙarƙashinta, ba ta taɓa kirana ranar Lahadi ba. Na wuce Lemuel, na wuce Mama da wuƙar kek a hannu, na haye sama zuwa tsohon ɗakina, inda yanzu keken ɗinkinta yake. Ban tsaya rufe ƙofa ba.

"Odessa, kina zaune?" Muryarta a kwance, har da tausayi a ciki. "Takarda ta tamanin da bakwai. Baƙin bai kama ba, wani ɗan jarida ya gani."

"Na shiga uku," na ce, kamar yanzu na fara ji. Kun ga yadda ƙarya take zuwar min da sauƙi.

"Ki kwantar da hankalinki. Ni na kawo miki gyaran saura minti arba'in, na gaya wa manya haka. Ba wanda zai taɓa aikinki, na tsaya miki. Amma mutanen Norvane sun haukace, suna cewa da gangan wani ya yi. Gobe za mu nemi alƙali ya karɓi bayaninmu, kuma yana buƙatar takardar rantsuwa daga wadda ta yi aikin. Na riga na rubuta miki, shafi ɗaya ce. Kuskure ne, ba da niyya ba, kuma ba ki da wata alaƙa da kowane ɗan jarida da ke bin shari'ar. Sa hannu kawai za ki yi."

Na kama gefen keken ɗinkin.

"Sunansa Haskins," ta ce. "Mai surutun nan na benci na uku. Ba ki ma san shi ba, ko?"

Jama'a, ƙofa ce ta buɗe min da hannunta. Matar nan ta tsaya min, ta ɗauki rabin laifina ta ɗora wa kanta. Kalma uku kawai zan faɗa, "na san shi", in huta. Na buɗe baki da niyyar faɗar gaskiya, Allah ya sani. Sai na tuna shekara biyun nan, da fuskar Mama in aka ce an kira 'yarta gaban alƙali.

"A'a," na ce. "Ban san shi ba."

"Haka na gaya musu. Ƙarfe takwas da rabi a ofishina, sai mu wuce kotu tare. Na turo miki ki karanta."

Ta kashe. Na juyo.

Lemuel yana tsaye a bakin ƙofa da ƙaramin faranti, yanka biyu na kek da cokula biyu, Mama ce ta aiko shi. Ban san tun yaushe yake wurin ba, amma fuskarsa ta gaya min ya ji abin da ya isa. Bai ɗaga murya ba. Da ya yi ihu da na fi samun sauƙi. Ya shigo ya ajiye farantin a kan keken, a hankali, don kada cokulan su yi ƙara.

"Rantsuwa ce?" ya tambaya.

Na gyaɗa kai.

"Abin da kika gaya mata yanzu, tsakaninki da ita ne, da ni. Wannan zan iya haɗiye shi, ko ba yau ba." Ya ja numfashi. "Amma in kika sa hannu, takardar nan shiga shari'a za ta yi. Gobe ina zaune a zauren za a miƙa wa alƙali, kuma duk ɗakin, in ban da ke, ni kaɗai ne zan san ƙarya ce. Ban san me zan yi ba, Dessa. Ina gaya miki tun yanzu, ban sani ba."

Daga ƙasa Dadi ya ɗaga murya, cike da fara'a. "Saurayi! Ka ce kana da magana da ni, ga ni na zauna!"

Lemuel ya dube ni, yana jira in ce wani abu. Wayar ta yi motsi a hannuna, saƙon Miss Calloway ya shigo. Shafi ɗaya, sakin layi huɗu, sunana an buga shi daidai a ƙasa, da dogon layi a samansa inda zan sa hannu.

Ya sauka. Na ji ya ce wa mahaifina, cikin ladabi, maganar za ta jira. Na ji ƙofar gida ta rufe.

Har yanzu ina zaune a ɗakin. Labarinsa ya fita ƙarfe shida daidai, ban buɗe ba. Mama ta hau sau biyu, ta tsaya a bayan ƙofa, ta koma ba ta ƙwanƙwasa ba. Takardar na karanta ta ya fi sau goma, kuma sakin layi uku na farko duk gaskiya ne.